Algaita a Cikin Randa

A Gure in ka ji algaita, kiranka aka yi. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana haka, da shi muka tashi. Mace tana tsakiyar daka sai ta jingine taɓarya ta yafa zane, mai tebur ya ce wa na kusa da shi ya duba masa kaya, tsoho ya laluba takalmansa. Ba a tambayar me ake yi ko a gidan wa, sautin ake bi har a isa. Wannan hali namu shi ya kusa kashe Rumfa a shekarar korona, ita cutar kanta ko ƙofar gidan ba ta leƙo ba.

Rumfa tsakar gidan ƙanwar mahaifiyata ce, wadda nake ce wa Inna. Gidan yana bayan kasuwa, katangar ƙasa ta gaba, zana ta baya, da dogon yaro guda a tsakiya wanda aka jingina masa rumfar kara. Inna ta yi zabiya a ƙuruciyarta, har Damagaram ana ɗaukarta biki, kafin wani ciwon wuya ya tafi da muryar ya bar mata wata shaƙaƙƙiya da ta isa faɗa amma ba ta isa waƙa ba. Da ta ga ba za ta iya zama ba kiɗa ba, sai ta buɗe wa makaɗa ƙofa. Ranar kasuwa da ranar Alhamis, daga la'asar zuwa kiran magariba, ana shimfiɗa tabarmi, maza ta wajen ƙofa, mata ta wajen madafa. Ba a biyan kome a shiga. Inna tana sayar da fura da zoɓo mai ƙanƙara, wanda kiɗa ya ratsa shi kuma ya tashi ya yi wa makaɗa alheri. Da haka gidan ya yi shekaru yana tsaye.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, Mushe ake ce mini kamar kowane malami a ƙasarmu. Ban iya kiɗa ba, ban iya rawa ba, amma ina da wurin zama a gindin dogon yaron nan, ina kuma da ra'ayi a kan kome. Masu gurmi sun zo sun tafi, samari masu gita sun zo daga Damagaram da baturansu da tarin wayoyi, duk na samu abin da na soke su da shi. Mutum ɗaya ne ban taɓa samun abin faɗa a kansa ba, shi ne Baba mai algaita.

Bamange ne daga wajen Gamu, dogo, siriri, ba ya son magana. In ka gan shi a kasuwa kumatunsa a zube suke kamar tsohon aljihu, ba za ka ce akwai wani abu a cikinsu ba. Sai ya zauna a kan buzunsa, ya tsoma ɗan karan bakin algaitar a kofin ruwa, ya ɗaura shi, ya cika baki, sannan ka ga mutumin ya sake kama. Abin da ya sa ake zuwa daga Gidigir don a ji shi shi ne sautinsa ba ya yankewa. Yana shaƙar iska ta hanci alhali kumatu suna tura wadda ya riga ya tara, sai busa ta yi ta tafiya, kai mai sauraro ka gaji da riƙe numfashinka ka sake, shi yana nan.

Kowa a Rumfa da takensa. Idon Baba a ƙofa yake, kana sako ƙafa zai karkata busar zuwa naka ba tare da ya tsaya ba, jama'a su waiwayo su gaishe ka tun ba su ga fuskarka ba. Na mai sayar da kanwa gajere ne mai nauyi. Na wata ungozoma yana da ɗan tsalle a tsakiya, don haka take tafiya. Nawa ya fi na kowa tsawo, yana hawa yana ƙara hawa, babu wurin hutawa a cikinsa ko ɗaya. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce tunda in na fara magana ba na barin kowa ya sa baki, ina shi ina sa wa takena wurin tsayawa. Na yi fushi na yini guda, daga baya na riƙa alfahari da abin.

Labarin korona ya zo ta radiyo da tsakar bazara. An rufe lakwal, an hana taro, har masallatai aka ce a dakata. Ni na fassara wa Inna sanarwar, na kuma ƙara mata da nawa bayanin da ba wanda ya tambaye ni. Ta saurara har na gama, ta tashi ta nannaɗe tabarmi ta kai ɗakin ajiya. Buzun Baba kaɗai ta bari a inda yake.

Bayan kwana biyu na je gidan Baba. Na tarar da shi a zaure, algaitar a cinyarsa yana shafa mata mai.

"Mushe, lale. Takardarku ta ce yaushe za a buɗe?"

Na ce ba wanda ya sani, Baba, ko a Yamai.

"Kumatu ba sa jira," in ji shi. "Duk shekara ina ajiye ta da azumi. Wata guda suna yafe mini, in na ɗauka ranar salla su ɗan yi mini ciwo su dawo. Amma wanda ya koya mini, damina ɗaya ya kwanta jinya. Ya tashi garau, yana cin tuwo, yana zuwa gona, algaita kuwa ta ƙi shi har ya mutu. A lokacin bai kai shekaruna na yanzu ba."

Na ce to ya riƙa busawa a gidansa mana, wa ya hana shi. Ya yi mini irin kallon da nake wa ɗalibin da bai yi karatu ba.

"In na busa, wa zai zauna a gida?"

Ban yarda ba. Na ce mutanen Gure ba yara ba ne, kowa ya ji radiyo, kowa ya san halin da ake ciki. Na lallashi Inna muka rufe ƙofar Rumfa muka sa mata sakata, muka kawo Baba da surukinsa mai ganga, mu huɗu kawai a tsakar gida. Wata Alhamis ce. Baba ya jiƙa kara, ya cika baki, ya sake ta.

Ban san iya lokacin da ya ɗauka ba. Na dai ga kai ɗaya ya ɓullo ta saman katanga, sai na biyu. Ta baya mata suka buɗa zana da yatsu suna leƙe. Wani ya jawo amalanke ya hau. Su kuma na bayansu da ba sa gani suka cika lungu har bakin kasuwa, kafaɗa da kafaɗa, ana gaisawa ana tambayar ko an ɗage dokar ne. Baba da ya ga kawuna sai hali ya motsa, ya shiga bin su da take ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye ina ɗaga hannu ina cewa jama'a ku watse, ba mai jin muryata.

Sai ga jandarma. Mutuminmu ne, in ya tuɓe kaki a tabarmar gaba yake zama, shi ma da takensa. Inna ta zare sakata, yana sako ƙafa Baba ya karkata zuwa nasa. Na ga kafaɗar bawan Allah ta motsa sau ɗaya kafin ya kama kansa.

"Baba, don girman Allah ka bari," ya ce. Ya juya ga Inna ya rage murya. "Hajiya, yau ni aka aiko. In aka sake, wani za a aiko, shi kuwa da kayan kiɗan zai tafi, gidan nan kuma sai abin da Allah ya yi."

Da jama'a suka watse Inna ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, mutanen Gure ba yara ba ne ko?" Na ɗauki hulata na fita.

Dabara ta biyu ma tawa ce. Na ce tunda duniya ta koma wayar salula, mu ma mu koma. Muka shigar da Baba ɗaki muka rufe taga, muka cusa tsumma a bakin algaitar don kada sauti ya fita, na kafa masa salulata a kan kujera. Ya busa kaɗan ya tsaya.

"Wa ya shigo?"

"Ba kowa, Baba. Ɗauka muke yi, za a aika wa mutane."

"To taken wa zan busa?"

Na riƙa kiran masa mutane ɗaya ɗaya, yana busawa yana kallon bango. Tsumman yana mayar masa da iska, zufa tana zuba, ya yi ta tari. Abin da muka ɗauka na aika wa jama'a. Mai kanwa ya tare ni a kasuwa ya tambaye ni wane yaro ne muka samo yake kwaikwayon Baba. Na ji haushinsa ƙwarai, don gaskiya ya faɗa.

Ita Rumfa ba ta mutu ba, sana'a ta sake. Inna ta fito da tsohon kekenta na ɗinki, ta kira wasu mata biyu masu keke, suka zauna nesa da juna a ƙarƙashin rumfar suna ɗinka kashne da ragowar atamfa, wato ƙyallen nan na rufe baki da hanci da aka ce kowa ya sa. A bakin ƙofa aka ajiye buta da sabulu. Fura da zoɓo ana zuwa saye ɗai-ɗai a tafi da su gida. Mai ganga ya rataye gangarsa ya tafi kwari aikin lambu. A inda makaɗa suke zama yanzu ƙarar keke ake ji, ni kuwa da ba ni da lakwal ba ni da abin suka, sai na koma sukar ɗinki har Inna ta ce in ban yi shiru ba za ta ɗinka mini wanda ba a cirewa.

Azumi ya shigo a haka. Duk ran da na je gaida Baba da safe sai in tarar da shi da ƙwarya cike da ruwa da ɗan siririn kara, yana hura ruwan yana kumfa, yana lura kada kumfar ta yanke. Ya ce da haka aka fara koya masa yana yaro. Dattijo mai jikoki, zaune yana wasa da ruwa, ba ya ko ɗaga kai. Na ce ai ga magani ya samu. Ya ce ruwa ba ya gardama, algaita kuwa tana yi. Ranar salla ta zo ta wuce garin shiru, ba ganga ba algaita. Ban taɓa jin kewar wani abu irin ta ranar ba, na zauna a ɗaki na rasa abin da ke mini daɗi.

Bayan salla aka buɗe masallatai, aka ce mu ma mu koma aji, amma wuraren kiɗa su dakata tukuna. A lokacin Baba ya daina tambayata yaushe. Wannan ya fi tambayar damuna.

Inna ce ta kawo ƙarshen abin, ba ta kuma nemi shawarata ba. Wata rana na dawo daga lakwal na tarar ta sa an mirgino tsohuwar randarta zuwa ɗakin ajiya, babba ce, mutum zai iya tsugunawa a ciki. An kwantar da ita a kan gammo, bakinta yana fuskantar buzun Baba da aka shigo da shi. Na tambaye ta me za a yi da ita.

"Muna 'yan mata," ta ce, "in an yi rasuwa a unguwa aka hana mu waƙa, cikin randa muke zuba muryarmu. Ke ki sa kai ki rera, ƙawarki ta kara kunne a jikin randar ta baya. Ko uwarki da ke tsakar gida ba ta ji."

Aka kawo Baba. Ya zura bakin algaitar a ciki, Inna ta naɗe wurin da bargo ta riƙe da hannu biyu, aka ja ƙofa. Ni aka aika bakin titi in saurara. Na tsaya na kasa kunne, ba abin da nake ji sai kekunan ɗinki da wani ɗan gunji can ƙasa wanda ba za ka ce ga abin da yake ba. Wata mata ta wuce da tallan gyaɗa ko waiwaye ba ta yi ba. Na koma na faɗa musu, Inna ta ce to zauna ka kara kunne.

Na zauna ta bayan randar na manna kunnena. Baba ya ɗago ido ya dube ni ta saman bargon, ya cika baki, sai ga takena. Ya shigo mini ta ƙashin kai ya sauka har ƙirji, randar tana amsa shi tana juya shi, yana hawa yana ƙara hawa. Ban san hawaye sun zo ba sai da na ji ɗanɗanon gishiri ta cikin kashne. Na ce wa Inna ƙurar ɗakin ce, ta ce ai ta sani.

Daga ranar Rumfa ta koma aiki, mutum ɗaya a lokaci guda. Ka zo sayen fura ko kashne, in kai na gida ne Inna ta ce, "Shiga ka sha ruwa." Ka wanke hannu, ka shiga ɗakin ajiya, ka tsuguna ka kara kunne, Baba ya dube ka ya ba ka naka. Ka ajiye abin da ya sauwaƙa ka fito, wani ya shiga. Ungozoma ta fito tana dariya tana share ido. Mai kanwa ya ce yanzu ya ji Baba. Har jandarman nan ya zo wata la'asar ba kaki, ya sayi kashne biyu da ba ya buƙata, ya tsaya yana kallon sama har Inna ta tausaya masa ta ce ko zai sha ruwa. Na san da likita ya gan mu da ya yi mana faɗa, ɗakin ba iska, mai busa kuma ba ya rufe baki. Allah dai ya kiyaye mu.

Kumatun Baba suka fara dawowa, ya koma cin abinci sosai, har tsokanata yake yi. Ni kuwa na bi gari ina faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa mun ci nasara, da bakin da zai sa ka ɗauka ni na ƙera randar. Abu ɗaya na lura da shi ban ba shi muhimmanci ba: Inna ba ta taɓa yarda wani ya riƙe bargon ba, kuma in ta fito daga ɗakin ba ta cika magana ba.

Sai da damina ta zauna sosai, gero ya kai gwiwa, aka ce a buɗe. Aka fito da tabarmi aka kakkaɓe, aka mayar da kekuna ɗaki, mai ganga ya dawo daga kwari ya yi baƙi ya rame. Ranar kasuwa ce. Ni ina aji muna rama karatun da aka rasa, ban samu fita da wuri ba. Tun daga ƙofar lakwal na jiyo algaitar a sarari, na ga mutane suna rufe shaguna suna bin ta kamar da. Na ɗaga ƙafa, ina tafe ina murmushi ni kaɗai.

Gidan ya cika har waje. Na kutsa, na sako ƙafa, Baba ya gan ni ya karkata zuwa nawa. Jama'a suka waiwayo suna Mushe, Mushe. Taken ya hau, ya ƙara hawa, ya kai inda ya saba miƙewa ya yi ta tafiya, sai ya yanke.

Ɗan shiru ne, bai fi a ƙifta ido ba. Amma duk wanda ke gidan ya ji shi, don tun da muke ba mu taɓa jin sa ba. Na ga Baba ya buɗe baki ya ja iska kamar kowane mutum. Mai ganga ya rasa bugu ɗaya ya kamo. Ni na tsaya cak a tsakiyar hanya, ban ci gaba ba ban koma ba. A nan na gane abin da randar ta yi mana. Ita ke riƙe sautin tana juya shi a duk lokacin da numfashinsa ya gaza, mu masu kara kunne muna jin abu ɗaya miƙaƙƙe. Numfashin ya daɗe da raguwa, randar ce take rufa masa asiri.

Baba ya mayar da algaitar baki ya ci gaba. Ina ji a jikina wani yankewar yana tafe, don na san taken, na san ba shi da wurin hutawa. Na yi fatan da ban zo ba. Kafaɗarsa ta hagu ta ɗaga, a daidai nan sai guɗa ta tashi daga wajen madafa. Inna ce, da muryar nan tata shaƙaƙƙiya, guɗa mafi muni da na taɓa ji. Kafin ta ƙare ungozoma ta karɓa, matan ɗinki suka karɓa, gidan ya ɗauka. Da guɗar ta sauka algaita tana nan tana tafiya, ba wanda ya ji inda ta tsaya.

Haka aka yi har magariba. Duk lokacin da kafaɗar nan ta ɗaga, mata su rangaɗa guɗa. Baƙin da suka zo kasuwa daga ƙauyuka suka tafi suna cewa ba su taɓa ganin gidan da mata ke son algaita irin wannan ba.

Da aka watse ina taya Inna naɗe tabarmi na tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun ranar farko, ita da ke zaune kusa da ƙirjinsa. Ta ce ta faɗa wa matan su sa ido a kafaɗarsa ta hagu, ba ta dai zaci abin zai zo da wuri haka ba, shi ya sa na farkon ya kuɓuce mata. Na ce me ya sa ba ta gaya mini ba. Ta ce, "In gaya maka, gari ya ji?"

Baba yana kan buzunsa yana kwance karan bakin algaitar. Na tsuguna na ce masa yau busa ta yi daɗi. Bai dube ni ba.

"Mushe, kai malami ne, ƙarya ba ta yi maka kyau." Ya goge karan ya sa a ɗan gwangwaninsa. "Na ji su. Ka bar su, kada ka ce musu na sani."

Ban faɗa ba, har ya rasu. Ya ƙara damina biyu yana busa a Rumfa, guɗar tana ƙara yawa a cikin kowane take, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar. A shekarun nan ne wani saurayi daga Gidigir ya zo ya zauna a wurinsa ya koya, shi ne mai algaitar Rumfa a yau. Ƙato ne, ƙirjinsa ya yi biyun na Baba, na tabbata zai iya busa tun la'asar har magariba bai tsaya ba. Amma yana tsayawa. A duk inda Baba yake yankewa, shi ma sai ya ɗaga kafaɗar hagu ya cire baki, ya jira mata su yi guɗa, sannan ya ci gaba.

Na daure na daure, wata Alhamis hali ya rinjaye ni. Na same shi bayan an tashi na ce masa, samari, wurin nan da kake tsayawa, asali ba a tsayawa, miƙewa ake yi. Ya saurare ni da ladabi har na gama, yana goge algaitar.

"Mushe, a gafarce ni," ya ce, "haka Baba yake busa shi. Na tambaye shi da bakina, ya ce wurin mata ne, kada in kuskura in cinye musu."